Ɗakin da Ba Na Kowa Ba

Ranar Laraba ce, kwana arba'in da biyu da rasuwar Umma, ina aji biyar a firamaren unguwarmu ta Sharada. An yi yayyafi da asuba, filin makaranta ya yi damshi, ƙasa sai manne wa takalmanmu na roba take. Tun kafin ƙarfe takwas muka shiga layi, maza gefe mata gefe, kowa riƙe da littafi da biro da ɗan ƙullin abin da zai ci. A bakin ƙofa ga doguwar bas ɗin masaƙa, shuɗiya mai lotsattsen gefe, wadda kullum muke ganin ma'aikata maƙil a cikinta. Yau mu za ta ɗauka zuwa gidan tarihi na cikin birni. Yara sai tsalle suke, wasu ko karyawa ba su yi ba don ɗoki. Hedimasta ya hau dakali ya ɗaga bulala, aka yi tsit. "Motar nan ta aro ce," in ji shi. "Sha biyun rana daidai za mu baro can, don ta je ta kwaso masu shiga aikin ƙarfe biyu. Duk wanda ya ɓata mana lokaci, ni da shi ne." Yara suka yi ta guna-guni wai lokacin ya yi kaɗan. Ni kuwa a duk layin nan babu wanda maganar ta yi wa daidai kamar ni, domin akwai abin da nake so in tarar a gida kafin ƙarfe biyu.

Ɗakin Umma ne. A ranar za a kwashe shi. Tun da aka yi sadakar bakwai mata suka watse, Baba ya ja ƙofar ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun rigar aikinsa, bai ƙara buɗewa ba. Shi yana kwana a ɗan ɗakinsa na kusa da zaure, ni kuma aka mayar da ni wajen matar mai gidan da muke haya. A kwanakin zaman makoki ma ban ga ɗakin da kyau ba, don cike yake da mata, an lulluɓe jeren da zannuwa, ni kuma a tsakar gida nake wuni ina wanke kofuna. Bayan nan kullum sai na wuce ta gaban ƙofar ya fi sau ashirin, in zan ɗebo ruwa, in zan zubar da shara, amma ban taɓa cewa a buɗe mini ba. Ko leƙe ta kafar ƙofa ban yi ba. Ba tsoro nake ji ba, ba kuma dauriya ba ce. Gani nake ɗakin yana nan, ba inda za shi.

Gidan namu yana layin bayan masaƙa ne, ɗaki tara, iyali shida, rijiya ɗaya da ba a shan ruwanta. Baba a masaƙar yake aiki, ɓangaren rini, shi ya sa ban taɓa ganin farcensa fari ba. A unguwar nan ba mai damuwa da agogo, jiniyar kamfani ce agogon kowa. Ta shidan safe ita ke tashinmu shara da wanke-wanke. Ta biyun rana in ta yi kuka sai ka ga layi ya cika da maza a kan keke, masu fita suna gaisa da masu shiga ba tare da sun tsaya ba. Ruwan sha a famfon jikin katangar kamfani muke ɗebowa, mu jera bokitai mu zana 'yar gala-gala a ƙasa kafin layi ya zo kanmu. Akwai wata kwata da ke fitowa daga ƙarƙashin katangar, ruwanta yau ja ne gobe kore jibi shuɗi, mu kuwa har musu muke a kan launin atamfar da ake bugawa a ciki. Can gaba masu lambu suna tare ruwan su shayar da latas da albasa. In iska ta juyo daga Challawa ta kawo mana warin kamfanonin fata, sai mata su ce yau 'yan uwa sun aiko da gaisuwa, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. A nan aka haife ni, kuma ni kaɗai Allah ya raya wa Umma da Baba.

Umma ba ta da yawan magana, amma a kan jerenta ba ta da wasa. Duk ranar Alhamis, da yake babu Islamiyya, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki mu sauke kayan kaf, samiru da kwanukan langa da tasoshin da ta gada wajen kakata, ina gogewa ina miƙa mata tana mayarwa. Ina tsanar aikin nan, wallahi. Ƙawayena suna can suna carafke ina jiyo shewarsu, ni ina nan da tsumma. Ga shi ba ta yarda a mayar da abu yadda aka ga dama. Babba a ƙasa, ƙarami a sama, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne fure. Kowace samira akwai zanen fure a gefe ɗaya, kuma a wajen Umma furen nan dole ya kalli ƙofa. In na ɗora ɗaya a karkace ko magana ba ta yi, sai ta sa yatsa ɗaya ta juya shi. In na maimaita sai ta ce, "Sa'a, fure ƙofa yake kallo, shi ke yi wa baƙo sannu da zuwa." Faifai kuma ba a kifa shi a kan ƙwarya ta baya, adonsa sama yake. Tana yawan cewa da ta shiga ɗakin mace, kafin a kawo mata ruwa ta gama sanin halinta.

Ciwon kwana huɗu ta yi. Ranar da ta cika ina makaranta, aka aiko aka ɗauko ni. Na tarar da gida cike, takalma tun daga zaure. Mata suna rungume ni suna kuka a kaina, hawayensu yana jiƙa mini hijabi, ni kuwa ina tsaye ƙiƙam ina tunanin na bar littafin lissafina a aji. Na jira kukan ya zo bai zo ba. Da yamma na ji yunwa na ci tuwo, har na yi ƙari. Ina jin wata tana raɗa wa wata, "Yarinyar nan ko ɗigon hawaye, anya kuwa?" Ɗayar ta ce a ƙyale ni, ƙuruciya ce, ban san me aka yi ba. Na sani sarai. Na ga makara, na ga inda Baba ya dafa bango da ta wuce. Kawai dai komai ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka san taka ce amma ba ka jin taɓin. Haka na yi kwana arba'in ina zuwa makaranta, ina kai niƙa, ina ɗebo ruwa, har gala-gala nake yi in an rasa cikon mutum.

Ana gobe tafiyar, bayan magariba, yayar Umma ta zo daga Dorayi. Inna Rabi muke ce mata, mace mai kazar-kazar da ba ta barin aikin yau ya kwana. Ina wanke-wanke a bakin rijiya na ji tana gaya wa Baba an yi arba'in, barin kaya a kulle ba shi zai dawo da mai shi ba, gobe in ya tashi aikin safe za su zo da kawunnaina da malamin da zai raba gado, a fitar da komai. Mai gida ma yana son ɗakinsa. Ni kuma in an yi hutu in koma wajenta. Baba ya ce to. Ina riƙe da soso na ji wani abu ya ɗan motsa a cikina, karo na farko tun ranar. Ba baƙin ciki ba ne. So nake kawai in ga ɗakin yadda ta bar shi, sau ɗaya, in tsaya a ƙofa in kalla. Da asuba na tare Baba a zaure yana fitar da keke, na ce ni ba zan je yawon makaranta ba, a buɗe mini ɗaki. Ya dube ni ya kau da kai. Jiniyar shida ta kusa, ga shi ba ya son taɓa kwaɗon nan shi kaɗai, yanzu na gane haka. Ya ce, "Ki je abinki. Ai kafin biyu kun dawo. Da na shigo ke zan fara buɗe wa, ba wanda zai taɓa komai sai kin gani." Ya hau keke ya tafi.

To ka ji dalilin da ya sa na zauna a kujerar bayan direba, inda nake hango agogon da ke hannunsa. Motar tana warin gumi da sinadarin rini, warin rigar Baba sak. Muka bi ta tsakanin katangun kamfanoni, yara suna nuna wa juna inda iyayensu ke aiki, wannan ya ce ga na robobi, wannan ta ce ga na taliya, wata ta ce nata baban a Bompai yake wajen masu alewa, don haka ta fi mu. Suka ɓarke da waƙa suna buga jikin mota, malamar ajinmu, Malama Asabe, ta yi tsawa har ta gaji ta ƙyale su. Da muka shiga ta ƙofar gari wasu suka miƙe tsaye, don akwai waɗanda ba su taɓa shiga cikin birni ba duk da ga shi a hancinmu. Ni ma ina kallo, amma in ka tambaye ni abin da na gani a hanya ba zan iya faɗa maka ba.

A gidan tarihin wani dattijo ne ya karɓe mu, siriri mai farin gemu da 'yar sanda ta nuni. Ginin ƙasa ne mai kauri, da ka shiga sanyi zai buge ka, murya kuma sai ta yi ƙasa da kanta. Ya bi da mu ɗaki-ɗaki. Ga manyan ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofin gari, ga sulke da takubba da kwari da baka, ga hotunan mutanen zamanin da masu ɗaure fuska. Maza suka liƙe wa bindigar toka sai da aka ja kunnen biyu. Da aka zo kan masaƙar hannu, 'yan itatuwa da zare da ƙoshiya, dattijon ya ce da wannan kakanninmu suka tufatar da ƙasashe. Mu 'ya'yan masaƙa muka tuntsire da dariya, wani ya ce ai injin babansa kafin a yi atishawa ya gama abin da wannan zai yi a wata. Dattijon bai ji haushi ba, ya ce haka ne, amma wannan ba ya tsayawa in an ɗauke wuta. Malama Asabe tana ta cewa mu rubuta, mu rubuta, akwai insha'i a kai. Na rubuta "ƙofa", na rubuta "takobi", na tambayi wani malami ƙarfe nawa. Sha ɗaya saura.

Daga nan aka kai mu wani ɗan ɗaki a lungu, an gitta igiya a ƙofarsa. Dattijon ya ce wannan ɗakin mace ne irin na da. Muka yi cirko-cirko a bakin igiya muna leƙe. Gado ne a gefen dama da shimfiɗar saƙi, ga tabarma, ga tulu a kusurwa, ga fitilar aci-balbal a kan wani ɗan alkuki. Bangon da ke fuskantar ƙofa kuwa jere ne tun daga ƙasa har kusan rufi, tasoshi da ƙore da faya-fayai, a gefe guda kuma samiru da kwanukan langa. 'Yan ajinmu suka ce lah, irin na kakata, aka yi dariya aka wuce. Ni ban wuce ba. Ba wai ɗakin ya yi kama da na Umma ba ne, ko kusa. Abin da ya tsayar da ni furanni ne. Samira bakwai a jere, uku suna kallon bango, biyu sun karkace, ɗaya ma an ɗora mata murfin da ba nata ba. Faifai biyu an kifa su ta baya. Ga ƙura a kan komai, wadda za ka iya rubuta sunanka a kai. Na tsaya ina kallo har na daina jin takun 'yan ajinmu.

Har yau ban san lokacin da na sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ba. Na san dai na cire takalmi, kuma na yi sallama, don ba a shiga ɗakin mutane haka. Da farko niyyata in juya guda ɗaya in fita. Na sa yatsa na juya ta. Sai ta kusa da ita ta fito da muninta, na juya ita ma. Murfin da ba nasa ba kuwa sai an sauke na sama kafin a kai gare shi, to na sauke. Tunda an sauke ai ba a mayarwa da ƙura, na kama gefen hijabina na shiga gogewa. Babba a ƙasa, ƙarami a sama. Hannuna yana yi ba tare da na gaya masa ba. Ban yi tunanin Umma ba, kada in yi maka ƙarya, ban yi tunanin komai ba, ko agogon ma ya fita daga kaina. Tun da aka yi rasuwar ban taɓa samun natsuwa irin ta wannan lokacin ba. Na gama samiru na koma kan tasoshi, na gama tasoshi na gyara faya-fayai, na karkaɗe shimfiɗar gado na ja gefenta ya daidaita. Sannan na zauna a tabarma na jingina da gadon, ina duba ko akwai abin da na manta.

A nan dattijon ya same ni. Ashe har an fita, an ci abinci a inuwa, an shiga mota, an ƙirga kai sau uku ana samun ɗaya babu. An duba banɗaki, an duba bakin titi, an tura malamai kasuwar da ke kusa. Ba wanda ya kawo in yaro zai ɓata, a bayan igiya zai ɓata. Dattijon ya tsaya a ƙofa, ya dube ni, ya dubi jeren. Ni ce na fara magana. Na ce, "Baba, namiji ne ya yi jeren nan ko?" Ya ce ƙwarai kuwa, shi ne da hannunsa. Na ce, "Mai ɗakin ta rasu ne?" Ya ce, "A'a 'yata, ɗakin nan ba na kowa ba ne. Kwatance ne kawai, an tattaro kayan daga wurare daban-daban. Ba wadda ta taɓa kwana a cikinsa." Na ce to. Ya ɗaga mini igiya na fito na sa takalmina. Sai a lokacin na tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce ɗaya ta kusa.

Da muka fito babu mota. Direba ya jira har ya gaji, ya sauke yara ya tafi, don in masu aikin rana suka makara shi za a kora. Ya ce sai ya kai su, ya kuma mayar da masu aikin safe gidajensu, sannan ya dawo ta kanmu. Hedimasta ya cika alkawarinsa, bulala shida a hannu a gaban kowa. Na miƙa hannun ina kallon yadda yake tashi, zafin yana can nesa. Malama Asabe ce ta raɗa masa wani abu a kunne ya sauke bulalar, ya ce in ɓace masa da gani. Muka zauna a gindin katanga, yara sama da sittin, rana ta take, ruwan gorarmu ya ƙare. Kowa ya juya mini baya, wata ta ce dama tun da uwarta ta mutu ta zama wata iri. Aka kira azahar muka yi salla a farfajiya. Daga cikin birni ba a jin jiniyar Sharada, amma da biyu ta yi na sani, jikina ya saba. Na zauna ina bin Baba a raina, yanzu ya fito, yanzu ya hau keke, yanzu ya jingine shi a zaure. Na ce ai ya yi alkawari, zai jira. Aka kira la'asar muna nan zaune.

Biyar ta wuce na shiga layinmu. Tun daga nesa na hango a-kori-kura a ƙofar gida, an ɗaure gadon Umma a kai ƙafafunsa sama. A tsakar gida kaya ne kashi-kashi a kan tabarmi, kwanuka a cikin buhuna, zannuwa a ƙulle. Ƙofar ɗakin a buɗe take, har an share. Na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na yi niyya. Bango huɗu ne da ƙusoshi, sai wuraren da fenti ya fi haske inda kaya suka tare. Ban san ɗakin yana da girma haka ba. Inna Rabi ta ce ina na tsaya, ga rabona an ware mini za ta adana har in yi aure. Baba yana tsugune a gefen rijiya. Ya ce ya riƙe su har bayan uku, malamin yana da wani wurin zuwa, mai mota kuma yana ta ƙorafi. "Na jira ki, Sa'a," ya ce, bai ɗago ba. Na ce na sani, Baba. Ban gaya masa abin da ya tsayar da ni ba, shi ma bai tambaya ba. Na cire hijabin da ya yi baƙi da ƙurar gidan tarihi na jiƙa shi a bokiti, don gobe akwai makaranta.

Washegari Malama Asabe ta ce kowa ya rubuta insha'i a kan abu ɗaya da ya gani. Maza duk suka rubuta bindiga. Ni na rubuta ɗakin, shafi uku cur, tun daga igiya har fitila, samira nawa, tasa nawa, wane launi ke bin wane, ina tulu yake, ina gado ya fuskanta. Wa ya fi ni saninsa, ni da na taɓa komai da hannuna? Malama ta karanta ta kira hedimasta, mutumin da ya zane ni jiya yau shi ke cewa a tafa mini. Aka sa na haddace shi na karanta a taron safe. Ranar rabon sakamako na sake karantawa a gaban iyaye. Da baƙi suka zo daga ofishin ilimi aka sake fito da ni. In ana neman yarinyar da za ta burge, sai a ce a kira Sa'a ta yi ɗakin nan. Na yi shi ya fi a ƙirga, ina tsaye hannu a baya, ba na jin daɗi ba na jin haushi. Har bayan na koma Dorayi, in Inna Rabi ta yi baƙi takan ce in yi musu.

Sai da na kai aji uku na sakandare na gane abin da ya faru. Wata ƙawata ce ta tambaye ni yadda ɗakin mahaifiyata yake, na buɗe baki na fara, gado a dama, tulu a kusurwa, fitila a kan alkuki. Na tsaya. Umma ba ta da tulu, randar roba gare ta. Ba ta da aci-balbal, mu da muke da lantarki. Na rufe ido na sake gwadawa, na taho tun daga zaure, na wuce rijiya, na ɗaga labule, sai ga ni a bakin igiya. Na yi ta gwadawa kwana da kwanaki. Ina iya ganin tabarmar ranar Alhamis a ƙofar ɗaki, ina iya ganin yatsanta yana juya samira, amma da na ɗaga kai in ga inda za ta ajiye ta, sai bangon gidan tarihi ya tare ni. Na tambayi Baba ina gadon yake, ya ce hagu. Na tambayi Inna Rabi, ta ce dama, har da rantsuwa. Samirun da aka ware mini suna nan, guda huɗu, an ba ni su da na yi aure. Na san nata ne, amma ban san wace ke kan wace ba, ban san a wane bango suka zauna ba.

Yanzu masaƙar ta daɗe da rufewa, ba jiniya, kwatar nan ta bushe ta cika da leda. Gidan hayar an rushe shi an yi shaguna, don haka ko bangon babu balle in je in auna da ido. Baba ya bi Umma shekarun baya. Bara aka kai ajin 'yata gidan tarihin, a motar haya mai sanyi, ta dawo da hotuna fal a wayar malamarsu, aka turo wa iyaye. Yaran yanzu ba abin da zai ɓace musu, ko kwanon da suka ci abinci sai sun ɗauka. Tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya har muka zo kan ɗakin. Yana nan yadda yake, igiyar ce kawai aka sake. Na ja hoton da yatsa ya girma, na ga furannin sun sake juyawa bango. Ta ce, "Mama, kin san wurin nan?" Na ce na san shi fiye da ko'ina a duniya. Ta wuce hoto na gaba, ni kuma na tashi na ɗora tukunya.

Mutane suna cewa wanda ya rasa uwa yana da inda yake komawa in ya rufe ido. Ni ma ina da shi, kuma tsaf yake, ba ƙura, kowane fure yana kallon ƙofa. Sai dai ba wadda ta taɓa kwana a cikinsa.